Cinikin Biri a Sama: Sayen Jita da Kunnen Aro

A ƙarshen daminar 2021, ƙungiyarmu ta raya al'adu, wadda malaman lakwal da iyayen yara suka haɗu suka kafa, ta yanke shawarar sayen jita guda biyu, ko gitar kamar yadda aka fi faɗi a nan, domin mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo na lise. Kuɗin da ke hannunmu bai taka kara ya karya ba: ribar wasan ƙarshen shekara ce, da ɗan karo-karon da malamai suka yi daga albashinsu. Da yake a garinmu babu kantin da mutum zai shiga ya tarar da jita biyar a rataye ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai muka ɗora wa wani ɗan'uwa mai fatauci zuwa bakin teku nauyin sayowa. Ya aiko mana hotuna ta WhatsApp, ya kuma aiko saƙon murya inda mai kantin ke kaɗa kowace jita na tsawon minti guda. Muka taru mu bakwai a gindin dogon yaro, muka kewaye waya guda, muka kasa kunne. Ni ne na fi kowa ɗaga murya a kan cewa ta ukun ta fi sauran zaƙi, kuma da maganata aka yi aiki. Ta cinye kashi uku cikin huɗu na kuɗin, abin da ya rage aka sayi wata mai araha wadda ba wanda ya ko tsaya sauraron ta.

Da kayan suka iso a watan Oktoba, ranar farko na gane cewa muryar da na zaɓa ba ta zo tare da jitar ba. Kyakkyawa ce, ba makusa, amma a hannun ɗalibanmu sai ta riƙa gunji, amon manyan tsirkiyoyi yana danne na ƙanana. Kafin Fabrairu ya ƙare, hunturu ya tsaga mata fuska tun daga jaki har gindi. Mai arahar kuwa, bayan wani tsohon makaɗi ya rage mata tsayin jaki da ƴar zartonsa, har yau ita yara ke koyo da ita.

Ban kawo wannan labari don in yi kuka da ɗan aike ko mai kanti ba, domin babu wanda ya cuce mu. Na kawo shi ne saboda abin da ya same mu yana samun ƙungiyoyi da gidajen matasa da makarantu da dama, daga Tawa har Damagaram, kuma saboda kuskuren ya wuce batun asarar kuɗi. Akwai wata fahimta da ta shigo mana game da sauti, wadda ke ɗaukar amon kayan kiɗa tamkar nauyin buhun gero, abin da za a rubuta a takarda a aika, mai saye ya karanta ya biya. Wannan fahimta ce nake son mu duba tare.

Abin da waya ke kawowa

Bari mu fara da abin da muka ji a gindin itacen nan. Babbar tsirkiyar jita, idan aka kaɗa ta a sake, tana girgiza sau 82 a cikin daƙiƙa guda. Ɗan lasifikar da ke jikin waya ba shi da girman da zai fitar da amo mai kauri irin wannan. Abin da ke isa kunne rassan sautin ne, gindin ya tsaya a hanya. Saƙon murya kuma an tsara shi domin maganar ɗan Adam, yana matse sauti don ya yi sauƙin aikawa. Ke nan gunjin da ya dame mu daga baya yana nan tun farko, wayar ce ta share shi kafin ya iso gare mu.

Bayan wannan akwai wurin da aka ajiye wayar a lokacin ɗauka. Idan ta fuskanci ramin da ke tsakiyar jita, sauti ya yi kauri. Idan aka matsa da ita wajen wuya da taki ɗaya, ya yi siriri. Akwai ɗakin da aka yi ɗaukar, ko na siminti ne mai amsa kuwa, ko mai cike da kwalaye. Akwai shekarun tsirkiya, domin sabuwa da wadda ta sha gumi wata shida ba su magana da murya ɗaya. Sama da duka akwai hannun mai kaɗawa. Mai kantin da ya yi shekaru yana gwada wa masu saye kaya ya san waƙar da ke fito da kyan kowace jita, ya san gaɓar da zai kauce wa. Abin da na zaɓa a ranar, in an bi diddigi, hannunsa ne da wayarsa. Haka abin yake ga bidiyon YouTube da matasanmu ke kallo suna tantance jitoci, sai dai a can kayan ɗaukar sun fi tsada, kwalliyar ta fi yawa.

Kalmomin takardar talla

Aikina koyar da harshe ne, don haka ba zan wuce kalmomin da ake sayar da sauti da su ba. Duk wanda ya buɗe takardar tallar kayan kiɗa cikin Faransanci zai ci karo da "chaleureux", da "rond", da "brillant", da "boisé". Ɗaya daga ɗumi aka aro ta, ɗaya daga siffa, ɗaya daga haske, ta ƙarshe kuma cewa take yi katako yana da amon katako. Hausa ma haka take yi: muna cewa murya tana da zaƙi, ko garɗi, ko kauri, muna aro daga harshe da hannu mu bai wa kunne. Wannan ba laifi ba ne, haka harsuna suka gada. Amma irin waɗannan kalmomi suna aiki ne tsakanin mutum biyu da suka taɓa jin abu guda tare. Idan na ce wa abokina furar gidan wane ta fi garɗi, ya gane ni domin ya taɓa sha. Wanda ya rubuta "chaleureux" a Turai kuwa, da wane sauti yake kwatantawa, a wane ɗaki, kuma da wace waƙa? Mai karatu a Maraɗi zai zuba wa kalmar abin da ke cikin kunnensa, ya biya kuɗi a kan ma'anar da shi da kansa ya ƙirƙira.

Sunan itace

Idan kalmomi sun gaza, sai takardar talla ta koma ga sunan itace, kuma nan ne farashi ke hawa. Za a ce bayan wannan jita da gefenta na "palissandre" ne, na waccan na "acajou" ne, a jera wa kowane itace halinsa kamar ana karanta taurari. Mu a nan ba baƙi ba ne ga wasu daga cikin waɗannan itatuwa. Abin da ake sayarwa da sunan "acajou" na Afirka dangin maɗaci ne. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jitoci masu tsada dangin kanya ne, kuma da yawansa daga dazukan Kamaru yake fitowa. Palisandar ƙasar Barazil kuwa, tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sanya ta cikin jerin da aka fi tsananta cinikinsu, abin da ya ƙara mata tsada da kwarjini.

To amma kunne yana jin wannan suna? Tun a 1862, Antonio de Torres, maƙerin Sifaniya wanda ya tsayar da siffar jitar gargajiyar Turai kamar yadda aka san ta yau, ya ƙera wata da ya yi wa baya da gefe da kwali, ya bar fuskar kaɗai ta katako mai kyau. Ana ɗaukar wannan aiki nasa a matsayin shaida cewa murya daga fuska take fitowa, kuma jitar tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. A 2018 kuma, masu bincike na Jami'ar Lankasta ta Ingila suka wallafa sakamakon wani gwaji: maƙeri ɗaya ya ƙera jita shida iri ɗaya, bambancinsu itacen baya da gefe kawai, daga palisandar Barazil mai tsada har zuwa masu sauƙin kuɗi. Makaɗa 52 suka kaɗa su a ɗaki mai duhu-duhu, sanye da tabarau na masu walda don kada ido ya yi wa kunne shisshigi. Makin da suka bai wa jitocin ya yi kusa da juna ƙwarai, kuma bambance su da kunne ya yi musu wuya.

Kada a ɗauka wannan yana nufin duk jitoci ɗaya ne. Abin da yake nunawa shi ne, abin da ke raba su yana wuraren da takarda ba ta faɗi: kaurin fuskar, tsarin ƙananan sandunan da aka manna mata ta ciki, yadda aka zaunar da wuya, tsayin tsirkiya daga katako. Itace kuma ba ƙarfe ba ne, allo biyu daga gungume guda ba su da nauyi ɗaya ko tauri ɗaya. Shi ya sa jita biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya, daga masana'anta ɗaya, za su iya shan bamban a kunne.

Kunnen wa ake bi?

Wannan ne ya fi damuna. Ko da waya ta kawo sauti yadda yake, ko da kalmomi sun faɗi gaskiya, akwai tambayar da ba mu yi wa kanmu ba a gindin dogon yaro: kyan murya a wurin wa, kuma domin wace waƙa?

Siffar jitar da ta fi cika kantunan duniya ita ce mai faɗin ƙugu da ake kira "dreadnought". Kamfanin Martin na Amurka ne ya fara ƙera ta a 1916, aka raɗa mata sunan wani katafaren jirgin yaƙin Ingila. An yi ta ne domin ƙarfi da kauri, ta kuma samu gindin zama a kiɗan karkarar Amurka, inda ake shafar tsirkiya shida gaba ɗaya a bayan mai waƙa. Abin da ake yabo a irin wannan jita shi ne amo ya daɗe yana ringi kafin ya mutu.

Kunnenmu ba a nan ya tashi ba. Garaya da gurumi da molo da kuntigi fata ce a fuskarsu, kuma fata ba ta riƙe amo: ka taɓa, ta faɗa, ta yi shiru, ta ba na gaba wuri. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, amma ba wanda ya taɓa cewa bai ji abin da yake faɗi ba. Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, mai dogon wasali da gajere, kuma kayan kiɗanmu bin baki suke yi, shi ya sa muke cewa kalangu yana magana. Kayan kiɗan da zai bi gaɓoɓin Hausa yana bukatar harshe mai sauƙin juyawa. Amon da ya daɗe yana ringi sai ya hau kan na bayansa, maganar ta cakuɗe, kamar mai jawabi a zauren da ke amsa kuwa. Har ƴar zuzar da makaɗanmu ke nema da gangan, suna rataya ƙananan zobban ƙarfe a kan wuyan abin kiɗa, a takardar tallar Turai aibi ce da ake mayar da kaya saboda ita.

Waɗanda suka ba jita ƴancin zama a Sahel ba su bi kunnen takarda ba. Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara, sai ya kwashe yatsun nan ya kai su kan jita, babban yatsa yana riƙe da gindi, manuniya tana zance. Abdallah Umbadugu na Agadas, wanda ya rasu a 2020, kaset-kaset ɗinsa sun yi ta yawo hannu zuwa hannu a shekarun 1990, an kwafa an sake kwafa har sautin ya dushe, amma wanda ya san hannunsa ba ya ɓata shi. Faifan farko na ƴan matan Illighadad na jihar Tawa, wanda ya fito a 2016, a fili aka ɗauke shi, kuma abin da ya ja hankalin masu sauraro a ƙasashen waje shi ne yadda Fatu Seidi Ghali ke sarrafa tsirkiya. A ganina, ga irin wannan kiɗa da ma rakiyar waƙar Hausa, ƙaramar jita mai busasshiyar murya ta kan fi babba mai gunji amfani, ko da kuwa takarda ta ajiye ta a sahun baya. Idan muka ci gaba da saye da kunnen aro, wata rana yaranmu za su ji gurumi su ce muryarsa ba ta cika ba, domin mun koya musu auna shi da mudun da ba nasa ba.

Hukuncin hunturu

Akwai kuma alƙalin da ba ya karanta takardar talla. Masana'antu suna haɗa jita a ɗakin da danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A ƙasarmu, daga Disamba zuwa Maris, danshi kan sauka ƙasa da kashi 20. Fuskar jita mai tsada allo ne na itacen ƙasashen sanyi wanda kaurinsa bai kai milimita 3 sosai ba, ga tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70. Idan ya bushe sai ya tsuke, tun da kuma an manne shi ta kowane gefe, ba shi da mafita sai tsagewa. Wuya ma yana tsukewa, bakin ƙarafan da aka gitta a kansa su fito suna yankar yatsa. Katakon da aka yi da siraran falle manne da juna, wanda Faransanci ke kira "contreplaqué", masana suna raina shi domin bai kai "massif" amo ba, kuma da gaskiyarsu. Sai dai shi ne ya fi jure wa iskarmu. Jitar da aka zaɓa a bakin teku, inda iska ke jiƙe duk shekara, ko an kaɗa ta da hannu a can, ba lalle ta riƙe muryar nan ba bayan ta yi wata huɗu a Damagaram.

In tilas ta sa

Wani zai ce, malam, ka yi ta faɗa, amma wanda ke Dakwaro ko Tanut ina zai ga jitar da zai gwada? Ashe Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da ya zagaya duniya da kiɗa, ba da katako da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko ba? Haka ne. Amma a lura, shi da hannunsa ya ɗaure, ya ji, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Haka mai gurumi yake yi tun daga zaɓen ƙwarya. Haka marigayi Malam Maman Barka ya yi a 2002, da ya tashi ya tafi yankin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar domin ya karɓi biram daga hannu zuwa hannu. Talauci bai taɓa raba makaɗanmu da taɓa abin kiɗansu ba. Wannan rabuwa sabuwa ce, waya ce ta kawo ta.

Duk da haka na yarda wani lokaci ba makawa sai an saya daga nesa. In haka ta kama, to a daina tambayar nesa abin da ba ta iya bayarwa, a tambaye ta abin da take iyawa. Zaƙi ba ya aikuwa, amma awo yana aikuwa. A sa ɗan aike ya ɗora abin awo a ƙarfe na 12 ya ɗauki hoto: tsakanin babbar tsirkiya da ƙarfen kada ya haura milimita 3 a jita mai tsirkiyar ƙarfe, ko 4 a mai ta nailan, in ba haka ba yaro ɗan aji shida zai yi mako biyu ya gudu da ciwon yatsa. A sa a kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan a danne ta a ƙarfe na 12; idan sautin biyu ba su dace da juna ba, ko ta waya za a ji. A nemi hoton jaki ta gefe, a ga ko ya fara ɗagawa. A daidaita tun kafin biya cewa za a iya mayarwa. A ware wani abu daga kuɗin domin gyara da tsirkiyoyin canji, kuma kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi domin nailan, domin nauyin ya kusa ninka abin da aka gina ta a kai. Idan ta iso, a ajiye ta cikin jakarta da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin kwalin sabulu mai huji, daga farkon sanyi har saukar ruwa. Abin da ya fi duk wannan kuwa, a aiki makaɗi maimakon ɗan kasuwa, ko a nemi tsohuwar jita wadda ta riga ta ga hunturu biyu a ƙasar nan ba ta tsage ba.

A kasuwar Mirriya, babu macen da za ta biya kuɗin tulu ba ta ɗaga shi ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa ta saurara ba, alhali ruwa za ta zuba a ciki, ba waƙa za ta yi da shi ba. Mu da muke kiran kanmu masu raya al'ada, mun sayi abin da amo ne dukan amfaninsa ba tare da mun yi abin da wannan mace take yi ba. A taronmu na bana an sake tayar da maganar sayen jita, aka kuma amince cewa kafin a fidda kuɗin kaya za a fara fidda kuɗin mota na mutum biyu zuwa Yamai: tsohon makaɗin da ya gyara mana ta farko, da ɗalibar da ta fi kowa zama da ita.